Kusurwoyin bargon haɗe-haɗe ba su haɗu ba: a farke ko a ci gaba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da na shafe wata biyar ina yi, wanda yanzu ya tsaya mini cak. Na fara ɗinka bargon haɗe-haɗe, irin wanda ake yanka guntayen yadi a haɗa su su zama fuska ɗaya, sannan a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, a bi hawa ukun da ɗinki. Na yanka guntaye 192, kowanne inci 5 tsawo da faɗi, na jera 12 a kowane layi har layi 16. Kusan rabinsu daga tufafin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, sauran kuma sabon yadin auduga ne da na saya don cikawa. Da na gama haɗa fuskar na shimfiɗa ta a ƙasa, sai na ga kusurwoyin guntayen ba su haɗu ba a wurare da yawa, kuma ƙarshen da ke ƙasa ya gaza na sama faɗi da fiye da inci ɗaya da rabi, har tsakiyar tana yin tudu ta ƙi kwanciya. Ban sa auduga ba tukuna. Shin in farke in sake daga farko, ko in ci gaba a haka? Zuciyata ba ta son taɓa yadin mahaifiyata da almakashi ko reza a karo na biyu, amma kuma ba na son in gama aikin in kasa kallonsa.

Hajiya Turai:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta. 'Yata, shawarata ita ce ki farke, kuma zan gaya miki dalili da lissafi, domin matsalarki a lissafi take. A wannan ɗinki ana barin rubu'in inci ne a bakin kowane guntu, wato kimanin milimita 6, shi ya sa guntun da aka yanka inci 5 yake komawa inci 4 da rabi idan an haɗa shi ta kowane gefe. Layinki mai guntaye 12 yana da mahaɗa 11. Idan hannunki ya ci milimita 2 kacal fiye da ƙa'ida a kowace mahaɗa, to milimita 4 ke tafiya, domin ɗinkin yana ci daga guntun dama da na hagu a lokaci ɗaya. Milimita 4 sau 11 ya ba ki milimita 44, kusan daidai da gibin da kika gani. Abin da ido ba ya iya kamawa a mahaɗa ɗaya shi ne ya taru ya karkatar miki da bargo. Tudun da ke tsakiya kuwa ba zai ɓace don kin sa auduga ba. Allura za ta tura shi gaba har ya zama ninki, kuma ninkin da aka ɗinke shi ne wurin da zare yake fara tsinkewa. Tun ran gini ake zane. Gara ki yi haƙurin mako biyu yanzu da ki yi shekara ashirin kina juya bargon don ɓoye gefe ɗaya.

Anti Larai:
Hajiya, lissafinki daidai ne, ba ni da ja a kansa, amma ban yarda da hukuncin da kika yanke ba. Wannan ɗinki tun asalinsa na masu tattalin abin da ke hannu ne, kuma da yawa daga cikin barguna mafi daraja a duniya kusurwoyinsu ba su haɗu ba. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka da ake kira Gee's Bend, inda mata baƙar fata, jikokin waɗanda aka bautar a gonakin auduga, suka yi ta ɗinka barguna daga tsofaffin kayan aikin gona na mazajensu domin kare iyalinsu daga sanyi. Ba su da rula ba su da ma'auni, sau da yawa yage yadin suke yi da hannu, layukan suna karkacewa, wani guntun ya fi wani. A shekarar 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, kuma a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu daga cikinsu a jikin kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Da wani ya tsaya a kan waɗannan mata ya ce su farke duk inda kusurwa ta kauce, da ba a sami abin da ake kallo yau ba. Maman Ilham, bargonki na farko ne, kuma na tunawa da uwa ne. Ni a ganina ki bar shi da shaidar hannunki.

Hajiya Turai:
Larai, na san labarin waɗannan mata kuma ina girmama su ƙwarai. Amma ki duba hotunan aikinsu da kyau. Layukan sun karkace, gaskiya ne, sai dai bargon yana kwanciya shimfiɗe, domin mai ɗinkin ta san inda za ta ƙara siririn ƙyalle da inda za ta datse don fuskar ta daidaita. Wannan ƙwarewa ce ta wadda ta fara riƙe allura tun tana yarinya a gaban uwarta da kakarta. Wadda ta zaɓi karkata da gangan daban take da wadda ta nufi miƙaƙƙen layi ya kuɓuce mata, kuma Maman Ilham ta gaya mana da bakinta cewa miƙaƙƙe ta nufa. Ba na son mu riƙa ba sababbin shiga labari mai daɗi a madadin gyara.

Malam Nura:
Ina gaida Hajiya, ina gaida Anti. Ni tela ne, kuma a lokacin hutu nake wannan haɗe-haɗen don sha'awa. Ina ganin akwai abin da ku biyun ba ku taɓa ba, wanda ya fi kusurwoyin muhimmanci a wurina, wato ƙarfin yadin kansa. Yadin da aka sa a jiki shekara da shekaru, aka wanke shi sau ɗaruruwa, zarensa ya riga ya yi laushi. Duk inda allurar keke ta ratsa ta bar huda, kuma idan aka farke aka sake bin wurin, an jera huda biyu kusa da juna a cikin rubu'in inci, wanda hakan kan sa bakin ya zare tun kafin a gama. Saboda haka farke guntaye 192 gaba ɗaya yana iya cinye ainihin abin da Maman Ilham take son adanawa.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba aibin gida biyu. Akwai aibin da ke taɓa ƙarfin bargo: tudu, ninki, mahaɗar da bakinta ya yi siriri har bai kai milimita 4 ba, da guntun da ya riga ya mutu. Wannan dole a gyara. Akwai kuma wanda ido kaɗai yake damu, kamar kusurwar da ta kauce da milimita 2 ko 3 alhali fuskar tana kwance. Wannan ana iya barinsa ba tare da wata illa ba. Maman Ilham, ki ɗauki tef ki auna faɗin kowane layi cikin 16 ɗin, ki rubuta. Ina kyautata zaton ba dukansu ne suka gaza ba, tunda kin ce a ƙasa ne matsalar ta taru. Mai yiwuwa waɗansu layukan kin ɗinka su a wata rana daban, ko kin canja ƙafar keke, ko kin daina bin alamar da kike bi da farko. Idan haka ne, waɗannan kaɗai za ki farke. Sannan ki ɗaga kowane guntu na tsohon yadi ki dube shi ta hasken taga. Wanda kika ga haske yana ratsa shi sosai, ki manna masa siririn gam irin wanda muke sa wa wuyan riga da guga, ta baya, kafin ki sake ɗinka shi. Kuma in za ki farke, kada ki ja zaren da ƙarfi. Ki tsinke shi duk bayan ɗinki uku ko huɗu ta fuska ɗaya, ki juya, zaren ɗaya fuskar zai fito da kansa.

Malama Hadiza:
Malam Nura ya yi magana mai kyau. Ina da tambaya ɗaya ga Maman Ilham wadda amsarta za ta iya canja komai: kin wanke sabon yadin kafin ki yanka?

Maman Ilham:
Malama, gaskiya ban wanke ba. Na ga ya fi daɗin yankawa yana da ƙarfinsa na sabunta.

Malama Hadiza:
To a nan ne hankalina bai kwanta ba. Sabon yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, sau da yawa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, shi kuwa tsohon ya gama tsukewarsa tuntuni. Idan duka guntayen sababbi ne ba a wanke ba, tare za su tsuke, shi ya sa masu wannan ɗinki da yawa ba sa wankewa kuma ba sa ganin illa. Amma ke kin haɗa wanda zai motsa da wanda ba zai motsa ba, kuma mai ƙarfin shi ne zai ja mai raunin. Na biyu kuma akwai zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu. Na taɓa yin shimfiɗar tebur da farin yadi da ja, na yi wata biyu a kanta, wanki ɗaya ya mayar da farin ruwan hoda, kuma har yau ina jin zafin abin. Ki ɗauki ragowar kowane sabon yadi, ki jiƙa da ruwa mai ɗumi, ki danne shi a kan farin ƙyalle ki bar shi ya bushe. Duk wanda ya bar launi, ki cire guntayensa daga fuskar tun yanzu. Kada kuma ki ce za ki jefa fuskar cikin wanki a yadda take, ba auduga ba shafi, domin bakunan da ke baya za su zare su cukurkuɗe.

Malam Nura:
Haka ne, Malama. Game da tsukewar, abin da zai rage illarta shi ne a yi ɗinkin da ke haɗa hawa ukun kusa da kusa, don kowane guntu ya kasance a riƙe, ja ɗin ya rarrabu maimakon ya taru a mahaɗa. Guga mai tururi ma tana rage wani abu kafin a haɗa, in dai an riƙa ɗora dutsen gugar ana ɗagawa, ba a jansa a kan yadin.

Ummi:
Iyayena, ina karanta wannan muhawara tun farko, kuma gaskiya ta ɗan tsorata ni. Ina da buhu guda na guntayen yadi da nake tarawa da niyyar fara bargo, kuma ba ni da keken ɗinki. Shin in haƙura har sai na samu?

Yaya Rabi:
Ummi, kada ki haƙura, amma kada ki fara da bargo. Ki fara da abin da za ki gama cikin kwana biyu ko uku, domin ƙaramin aiki yana koyar da duk matakan babba, kuma in ya lalace guntaye kaɗan kika yi asara. Ni na fara ne da abin sauke tukunya mai guntaye tara, uku sau uku. A cikinsa na koyi yanka, da barin baki daidai, da kwantar da mahaɗa da guga, da sa auduga, da naɗe gefe. Abu ɗaya da za ki kiyaye a nan shi ne cikinsa ya zama auduga zalla, domin na roba yana narkewa da zafi. Daga nan sai matashin allura, sai rigar matashin kujera, sai 'yar jaka mai zif, sai shimfiɗar jariri. Kafin ki kai ga babban bargo hannunki ya san rubu'in inci ba tare da kin auna ba.

Rashin keke kuwa ba ya hana komai. Akwai hanyar da ake yanka takarda mai kauri a siffar da ake so, galibi mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, a naɗe yadin a kanta a riƙe da ɗinkin wucin gadi, sannan a haɗa gefe da gefe da ƙananan ɗinki na hannu, a zare takardun daga baya. Takardar ce take riƙe awon, saboda haka kusurwoyi suna haɗuwa ko a hannun sabon shiga. Tsohuwar hanya ce. A Ingila akwai wata shimfiɗar siliki da aka yi a kan takardu wadda ke ɗauke da shekarar 1718, fiye da shekara ɗari kafin keken ɗinki ya shiga gidaje. Ita kanta wuƙar nan mai zagaye kamar taya da ake yanka yadi da ita a kan tabarmar roba, kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979, kafin nan kowa da kwali da alli da almakashi yake aiki. Wuƙar tana sauƙaƙa yanka ƙwarai, ba na musu, amma allura da zare da almakashi mai kaifi sun ishe ki farawa.

Anti Larai:
Na sake karanta abin da Hajiya ta rubuta, kuma na karɓi gyaranta a kan tudu. Fuskar da ba ta kwanta ba dole a taɓa ta. Inda har yanzu nake tsaye shi ne batun kusurwoyi. Na ga mata da dama da suka bar wannan ɗinki gaba ɗaya saboda an nuna musu cewa aikin da bai yi daidai da na hoto ba aikin banza ne, suka naɗe fuskar suka sa a akwati ba su ƙara buɗewa ba. Kuma maganar Malam Nura ta ɗinki kusa da kusa ta tuna mini da wani ɗinki da ake kira kantha, na matan yankin Bengal na Indiya da Bangaladesh. Sukan jera tsofaffin zannuwansu hawa-hawa, waɗanda kowanne shi kaɗai ya kusa yagewa, su bi su da ɗinkin shiga da fita layi bayan layi, har yadin da ya mutu ya dawo da ƙarfi. Haka manoman arewacin Japan suka yi da tufafinsu masu rinin shuɗi, faci a kan faci. Don haka nake ganin bargon Maman Ilham da hannu ya kamata a bi shi, da zare mai ɗan kauri, layuka kusa da juna. Zai riƙe tsohon yadin, kuma ido zai tafi kan layukan zaren ya bar kusurwoyin.

Hajiya Turai:
A kan wannan ba mu da saɓani, Larai. Abin da zan hana kawai shi ne ɗaurin ƙulli, inda ake ratsa hawa ukun da zare a ƙulle a wuri-wuri. Yana da sauri, yana kuma yi wa sabon yadi mai ƙarfi kyau, amma a tsohon yadi nauyin bargon duka yana rataya ne a kan ƙullin, sai ka ga ya fizge ya bar rami. Maman Ilham, idan kin zo haɗawa, ki yanka audugar da shafin su fi fuskar da kamar inci 4 ta kowane gefe, domin suna shigewa yayin ɗinki. Ki shimfiɗa shafin ki ja shi ya miƙe ba tare da kin ɗame shi ba, ki riƙe hawa ukun da fil mai rufewa, tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu, sannan ki fara ɗinki daga tsakiya kina fita gefe, don duk wani rarar yadi ya gudu waje. Gefen kuma ki naɗe shi da sabon yadi, tsiri mai faɗin inci 2 da rabi a ninka biyu, domin gefe ne yake fara cinyewa a kowane bargo.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi kwana huɗu ban rubuto ba saboda ina bin abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Na auna layukan kamar yadda Malam Nura ya ce, kuma zatonsa ya tabbata: layi 11 na sama faɗinsu kusan ɗaya ne, biyar na ƙasa ne suka gaza. Da na yi tunani sai na tuna cewa bayan layi na 11 ne tef ɗin da na manna a farantin keke don ya zama mini alama ya ɓalle, na ci gaba da bin gefen ƙafar keken ina zaton daidai suke, ashe ƙafar ta fi faɗi. Na farke waɗannan biyar a hankali, guntaye 60 ke nan, kuma uku daga na mahaifiyata sun zare a baki duk da lallaɓawar da na yi. Biyu na manna musu gam sun tsaya, ɗayan kuwa ya ƙi, sai na cire shi na ajiye, zan sa shi a tsakiyar ƙaramin matashin allura inda babu abin da zai ja shi.

Gwajin Malama Hadiza ma ya kama yadi ɗaya, wani ja mai duhu da ya bar launi sosai a farin ƙyallen. Guntayensa 14 ne, takwas daga ciki suna layukan sama, don haka dole na buɗe waɗannan wurare ma na musanya su da wani yadin da na wanke na goge tukuna. Yanzu fuskar tana kwanciya shimfiɗe, ƙarshe da ƙarshe sun yi daidai. A layukan sama na ƙirga kusurwoyi 23 da suka kauce kaɗan, kuma na yanke shawarar barinsu, domin yawancinsu a jikin yadin mahaifiyata suke, kuma na ga abin da farkewa ta yi wa guda uku. Hajiya, na san da ke ce da kin gyara su, ina neman afuwa.

Hajiya Turai:
Babu abin neman afuwa, 'yata. Da na san yadin ya yi laushi har haka, da ban ce ki farke duka ba. Ki sake manna alamar keken, amma wannan karon ki jera tef hawa uku ko huɗu ya yi ɗan tudu da bakin yadi zai riƙa jingina da shi, kuma ki gwada da guntaye biyu ki auna duk ranar da za ki zauna ɗinki.

Maman Ilham:
In sha Allah zan yi haka. Saura tambaya ɗaya ga Anti Larai kafin in sayi zare: tazarar nawa zan bari tsakanin layukan ɗinkin hannun, kuma in bi tsawon bargon ne ko faɗinsa?

Anti Larai:
Ki bar kamar inci ɗaya tsakanin layi da layi, a kan guntayen da kika manna wa gam kuma ki rage zuwa rabin inci. Ki bi tsawo, ki fara da layin tsakiya, ki yi na damansa, ki yi na hagunsa, kina fita a hankali. Kada zaren da ke allura ya wuce tsawon kamu ɗaya, domin dogon zare yana cukurkuɗewa yana kuma cinyewa saboda yawan ratsa yadi, kuma ki ja ƙullin farko ya shige cikin audugar don kada ya fito a fuska. Idan kin yi layi goma na farko ki ɗauko mana hoton gaba da baya, ina son ganin yadda shafin yake kwanciya kafin ki yi nisa.